Wanzami Da Tsoron Jarfa: Waswasin Cuta A Zuciyar Likita Da Ɗalibinsa

 

Ya 'yan'uwa masu karatu, a wannan mako filinmu zai duba wata mas'ala wadda ba kasafai ake kawo ta gaban malamai ba, domin masu fama da ita sun fi kowa ɓoye ta. Mas'alar kuwa ita ce ta likita, ko ɗalibin da ke koyon aikin likita, wanda tsoron cuta ya kama zuciyarsa, har ya zama duk ciwon da ya karanta a littafi ko ya gani a gadon asibiti sai ya ji kamar a jikinsa yake. Tambayoyin da za mu yi ƙoƙarin amsawa uku ne. Shin wannan tsoro raunin imani ne? Ina iyaka take tsakanin taka-tsantsan da shari'a ta yi umarni da shi, da waswasin da ta yi hani a bi shi? Kuma mene ne haƙƙin wannan bawan Allah a kanmu, mu da muke kai masa namu cututtukan dare da rana?

YADDA ABIN YAKE FARUWA

A ɗauki misalin yaron da ya tashi a Dakata ko Kawaji, mahaifinsa lebura ne a ɗaya daga cikin masana'antun Bompai, Allah ya buɗa masa ƙwaƙwalwa har ya sami shiga Jami'ar Bayero domin karatun likita na shekara shida. Tun daga shekarar farko unguwa ta raɗa masa suna "likita". Tsofaffi suna kawo masa takardar awon jini ya karanta musu, mata suna aiko masa da kwalin magani ya duba. Da ya kai shekarun shiga ɗakunan majinyata a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, wanda aka kafa a shekarar 1988, sai ya fara ganin cututtuka ido da ido. Ranar Litinin a koyar da su sankarar jini, a ce daga cikin alamunta akwai kasala da zazzaɓi da kumburin kaluluwa. Da dare ya kwanta, ya kai hannu wuyansa, ya ji wani ɗan ƙululu wanda watakila tun yana yaro yake nan bai taɓa lura da shi ba. Kasala kuwa dama yana da ita, tun da kwana uku bai yi barcin kirki ba. Shi ke nan, barci ya ƙaurace masa. Mako mai zuwa a shiga babin ciwon zuciya, sai kaluluwa ta sake shi, faɗuwar gaba ta kama shi.

Wannan hali ba sabon abu ba ne, kuma bai keɓanta ga 'ya'yanmu ba. Tun a shekarar 1908 wani likitan jijiyoyi na birnin Boston ta Amurka, mai suna George Walton, ya rubuta cewa malaman makarantun likita kullum suna samun ɗalibai masu zuwa da fargabar sun kamu da cutar da ake koya musu. A shekarar 1964 wani bincike da aka yi a Jami'ar McGill ta ƙasar Kanada ya nuna cewa kimanin kashi 70 cikin ɗari na ɗaliban likita sun taɓa samun irin wannan fargaba marar tushe a lokacin karatunsu. Amma adalci ne mu faɗa cewa binciken da ya biyo baya ya rage wa maganar kaifi. A shekarar 1998 wasu masana biyu a Ingila, Howes da Salkovskis, sun gwada ɗaliban likita da waɗanda ba likita suke karantawa ba, suka tarar ɗaliban likita ba su fi sauran yawan tsoron cuta ba. Abin da za mu fahimta daga wannan shi ne, ga mafi yawan ɗalibai abin kamar hadarin kaka ne, ya taso ya wuce. Sai dai akwai kaɗan daga cikinsu da yake zauna musu, ya bi su har bayan sun karɓi takardar shaida sun fara duba marasa lafiya. Irin wannan mai ɗorewa, wanda ya kai wata shida ko fiye yana hana mutum sukuni alhali awo bai nuna wata cuta mai tsanani ba, likitocin ƙwaƙwalwa sun lissafa shi cikin cututtuka, kuma a shekarar 2013 ƙungiyarsu ta Amurka ta sake masa suna, ta kira shi cutar fargabar rashin lafiya.

DALILAN DA KE HAIFAR DA SHI

Dalili na farko shi ne yawan sauraren jiki. Jikin ɗan Adam ba ya yin shiru ko da yana cikin cikakkiyar lafiya. Ciki yana ƙugi, tsoka tana motsi, zuciya takan tsallake bugu ɗaya, kai yakan sara ya daina. Mai dako a kasuwar Yankaba ba ya jin waɗannan, domin hankalinsa yana kan buhun albasa. Wanda kuwa aka koya masa sunan kowane motsi da mugun abin da zai iya nufi, sai ya kasa kunne. Da ya tsorata, sai jiki ya saki sinadarin firgita, zuciya ta ƙara gudu, baki ya bushe, numfashi ya yi sama, tafin hannu ya yi gumi. Sai ya ɗauki waɗannan a matsayin hujja cewa lalle akwai cuta, alhali kuwa tsoron ne ya haife su. Haka abin zai yi ta zagayawa, tsoro yana haifar da alama, alama tana ƙara tsoro.

Dalili na biyu shi ne irin majinyatan da asibitin koyarwa yake tarawa. A kowace rana mutane masu ɗimbin yawa a Kano suna yin ciwon kai, su sha magani ko su yi barci, ya wuce, babu likitan da ya gan su. Ɗan ƙalilan ɗin da ciwon kansu ya zama ƙari a ƙwaƙwalwa su ne ake turowa daga ƙananan asibitoci na Kano da jihohin maƙwabta, su taru a ɗaki ɗaya. Ɗalibin da ya wuni a wannan ɗaki sai ya ga kamar kowane ciwon kai ƙari ne. Ma'auninsa ya karkace, domin abin da yake nadiri a duniya ya zama ruwan dare a idonsa.

Dalili na uku shi ne sauƙin samun awo. Talaka sai ya yi tunani sau biyu kafin ya biya kuɗin awon jini, likita kuwa ɗakin awo yana kusa da shi, ma'aikatan abokansa ne. A nan akwai wani lissafi da ya kamata mai karatu ya sani. Mafi yawan awon jini an yanka iyakarsu ne yadda mutum 95 cikin masu lafiya 100 za su faɗa ciki. Watau a kowane awo, mutum 5 masu lafiya garau za su fita daga iyaka. Idan mai lafiya ya yi awo iri 20 waɗanda ba su dogara da juna ba, yiwuwar aƙalla ɗaya ya fita daga iyaka ta kai wajen kashi 64 cikin ɗari. Saboda haka wanda ya shiga neman kwanciyar hankali ta hanyar yawaita awo, mafi rinjaye sabon abin damuwa zai samo. Ko da awon ya fito lafiya, natsuwar ba ta wuce 'yan kwanaki, sai zuciya ta ce watakila na'urar ta yi kuskure.

BA DUK TSORO NE BANZA BA

Kada mai karatu ya ɗauka cewa likita yana gudun inuwarsa ne kawai. Aikinsa yana da haɗari na haƙiƙa. Zazzaɓin Lassa da aka fara ganewa a shekarar 1969 a garin Lassa na ƙasar Borno, ma'aikatan jinya ya fara kashewa, kuma a shekarar 1970 ya kashe likita Jeanette Troup a Jos bayan ta yanke a hannu tana binciken gawa. A shekarar 2014 likita Stella Adadevoh ta hana mutumin da ya shigo da cutar Ebola Legas fita daga asibiti, ta tsare miliyoyin mutane, ita kuwa ta kamu ta rasu a watan Agusta na wannan shekara. A nan gida Kano, a watan Janairu na 2020, zazzaɓin Lassa ya yi ajalin likitoci biyu na Asibitin Malam Aminu Kano bayan an yi wa wata mai juna biyu aiki. Watanni kaɗan bayan haka aka shiga mace-macen watan Afrilu, waɗanda Ministan Lafiya na lokacin ya ce sun kai mutum 979, kuma rabi ko fiye da haka ana danganta su da cutar korona. A shekarar 2023 kuma mashaƙo ya cika ɗakunan yara. Duk wanda ya sallaci gawar abokin aikinsa sa'an nan ya koma ɗakin da abokin ya kamu, in gabansa ya faɗi ba a ce ya yi wauta ba. Hausawa suna cewa wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake.

To, tun da akwai tsoro mai tushe da marar tushe, kuma dukansu a ƙirji ɗaya suke zaune, tilas a sami ma'aunin rarrabe su. Kafin mu kawo ma'aunin, bari mu fara kawar da wata tuhuma.

SHIN RAUNIN IMANI NE?

Sau da yawa idan irin wannan ɗalibi ya yi ƙarfin hali ya faɗa wa wani babba abin da ke damunsa, amsar da yake samu ita ce: "Haba likita, ina tawakkalinka? Kai da ka san mutuwa ɗaya ce?" Mai wannan magana nufinsa alheri ne, amma ya ɗora wa yaron kaya biyu. Da yana tsoron cuta, yanzu kuma ya koma tuhumar imaninsa.

Malamai sun bayyana cewa tsoro na ɗabi'a, irin wanda mutum yake ji game da zaki ko wuta ko cuta, babu zargi a cikinsa, domin a cikin halittar ɗan Adam yake. Alƙur'ani mai girma ya ba mu labarin Annabi Musa, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cewa ya ji tsoro a ransa ranar da masihirtan Fir'auna suka jefa igiyoyinsu da sandunansu, kuma wannan bai rage masa matsayi ba. Ya ba mu labarin Annabi Yaƙubu, wanda baƙin cikin rabuwa da ɗansa ya kai idanunsa suka yi fari, alhali shi ne abin misali wajen kyakkyawan haƙuri. Har ila yau ya inganta cewa wasu sahabbai sun kai kuka wurin Manzon Allah, Sallallahu Alaihi Wasallama, game da munanan tunane-tunane da ke faɗo musu a zuciya waɗanda suke jin nauyin furta su, sai ya kwantar musu da hankali, ya nuna musu cewa ƙyamar da suke yi wa tunanin ita kanta alamar imani ce. Ke nan abin da ya faɗo wa zuciya ba da zaɓin mutum ba, ba a kama shi da shi. Hisabi yana kan abin da ya aikata bayan tunanin ya zo.

Saboda haka likitan da fargabar cuta ta kama, jarrabawa ce ta same shi kamar yadda hawan jini ko ciwon suga yake samun wani. Mai salla da azumi yana iya kamuwa da ita, kamar yadda marar salla yake iya tsira daga gare ta.

MA'AUNIN MALAMAI

Imamu Gazali, wanda ya rasu a shekarar 505 bayan Hijira, watau 1111, ya yi bayani a littafinsa Ihya'u Ulumid Dini, a babin tawakkali, cewa sabubban kawar da cutarwa iri uku ne. Akwai tabbatattu, kamar ruwa ga mai ƙishirwa da abinci ga mai yunwa, barinsu ba ya cikin tawakkali ko kaɗan, haramun ne ma in ana tsoron halaka. Akwai waɗanda zato mai rinjaye ya nuna suna amfani, kamar magungunan likitoci, riƙo da su ba ya warware tawakkali. Akwai kuma na wahami, waɗanda zuciya ce kawai take raya amfaninsu, su kuwa barinsu shi ne sharaɗin tawakkali.

Idan muka ɗora wannan ma'auni a kan aikin likita, sai hanya ta fito fili. Wanke hannu, sanya safar hannu da takunkumi, keɓe wanda ake zaton yana da Lassa, karɓar allurar rigakafin ciwon hanta, da gaggauta fara maganin kariya daga cuta mai karya garkuwar jiki cikin awa 72 idan allurar mai cutar ta soke shi, duk waɗannan sabubba ne da hujja ta tabbatar, sakaci da su laifi ne. Zuwa wurin wani likita sau ɗaya domin ya duba ƙululun da aka ji a wuya, da yin awon da shi ya ga ya dace, wannan ma yana cikin neman magani da Manzon Allah ya yi umarni da shi. Amma shafa wuya sau talatin a yini, da auna bugun jini kowace sa'a, da maimaita awon da ya riga ya fito lafiya a ɗakin awo na uku da na huɗu, da raba dare ana bin sunayen cututtuka a intanet, wannan ya fita daga riƙo da sababi ya shiga wahami. Abin da mai yin haka yake nema shi ne tabbacin cewa ba zai taɓa yin ciwo ba, kuma wannan tabbaci babu na'urar da ke bayar da shi, domin Allah bai ba kowa shi ba.

Sayyidina Umar ɗan Haɗɗabi, Allah ya ƙara masa yarda, ya nuna mana tsakiyar hanya a zamanin annobar Amawas, wajen shekara ta 18 bayan Hijira. Yana kan hanyarsa ta zuwa Sham, a wani wuri da ake kira Sargu, aka gaya masa annoba ta ɓarke. Ya yi shawara da Muhajirai da Ansaru da dattawan Ƙuraishawa, ya yanke hukuncin komawa Madina. Da Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddara yake yi, sai ya nuna masa cewa komawar ma cikin ƙaddarar Allah take. Sa'an nan Abdurrahman ɗan Aufu ya zo ya tabbatar da cewa haka Manzon Allah ya yi umarni, kada a shiga ƙasar da annoba take, kada kuma na ciki su fita. Abin lura a nan shi ne, Umar ya nemi labari, ya yi shawara, ya yanke hukunci sau ɗaya, ya ci gaba da tafiyar da al'amuran Musulmi. Bai zauna yana jujjuya maganar dare da rana ba.

DARASI DAGA BABIN ALWALA DA SALLA

Wani abin mamaki shi ne, maganin wannan hali yana cikin littattafan fiƙihu da yaranmu suke karantawa a zaure. A mazhabar Imamu Malik, wanda ya yi alwala sa'an nan ya yi shakka ko ta karye, sai ya sake ta. Amma malamai sun togace mutum ɗaya, shi ne wanda suke kira mustankihi, watau wanda shakka ta aure shi, take zuwar masa kullum. Shi wannan hukuncinsa dabam ne. A cikin Risala ta Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani an umarci wanda shakkar rafkanuwa ta aura a salla da ya kau da kai daga gare ta, kada ya tsaya gyara, ya yi sujada bayan sallama kurum. Hikimar kuwa a fili take: malamai sun gane cewa duk lokacin da mai waswasi ya biya wa shakka buƙatarta, ƙara mata ƙarfi yake yi. Wanda ya sake alwala sau biyu yau, gobe sau biyar zai sake.

Wannan shi ne ainihin abin da likitocin ƙwaƙwalwa na zamani suka tabbatar. Maganin da ya fi amfani ga fargabar cuta shi ne zama da gwani wanda zai taimaki mutum ya gyara yadda yake fassara motsin jikinsa, ya kuma horar da shi ya daina dubawa da neman tabbaci, ya bar fargabar ta taso ta kwanta da kanta. Wani lokaci akan haɗa da ƙwayoyin magani. Tun kafin su, Abu Zaidin Albalhi, wanda ya rasu a shekarar 934, ya rubuta littafi mai suna Masalihul Abdani wal Anfus, ya keɓe babi ga waswasin zuciya. Ya shawarci mai fama da shi ya guji kaɗaici da zaman banza, ya sami amintaccen mai ba shi shawara, ya kuma tanadi kyawawan tunane-tunane a lokacin natsuwa kamar yadda ake ajiye magani a gida domin ranar buƙata. Magabatanmu na ƙasar Hausa ma ba su raba addini da kiwon lafiya ba, ga Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, ya yi rubuce-rubuce a kan magani, har da na basir da na ciwon ido.

Neman wannan magani ba abin wasa ba ne. Wani bincike da aka buga a shekarar 2023, wanda ya bi mutum fiye da 4,000 masu wannan cuta a ƙasar Suwidin, ya nuna cewa suna rasuwa da ƙarancin shekaru fiye da sauran jama'a, kuma haɗarin kashe kai ya fi yawa a cikinsu. Cutar da suke tsoro ba ta nan, amma cutar tsoron tana nan, kuma tana jin magani.

WANZAMI BA YA SON JARFA

A nan ne nauyin amana ya shigo. Babban kuskuren likita mai wannan hali shi ne ya zama likitan kansa: ya rubuta wa kansa awo, ya karanta da kansa, ya rubuta wa kansa magani, ko ya tare abokin aiki a baranda ya yi masa tambaya a fakaice kamar game da wani majinyaci yake magana. Shari'a ba ta yarda mutum ya zama alƙali a shari'ar da yake da hannu a ciki ba, domin son rai yana rufe ido. Tsoro ma haka yake rufe ido. Saboda wannan ne hukumar da ke kula da likitoci a Ingila take gargaɗin likitocinta da su guji duba kansu ko iyalinsu, kowane likita ya kasance yana da nasa likitan. Abin da ke hana namu yin haka shi ne kunya da gudun a ce likita ya sami taɓin hankali, sai ya gwammace ya ƙone a ciki da a gan shi a ƙofar sashen ƙwaƙwalwa na asibitinsa ko a asibitin Dawanau.

Cutarwar kuwa ba a kansa kaɗai take tsayawa ba. Likitan da ma'auninsa ya karkace a kan jikinsa, yana iya karkacewa a kan jikin wani. Lebura ya zo daga Dakata da ciwon kai na gajiya da rashin barci, sai a rubuta masa awo biyar da hoton kai, kuɗin da ya fi albashinsa na wata, ya je ya ci bashi ko ya sayar da akuyar matarsa. An cire wa likita fargaba da guminsa. Wani kuma tsoro ya sa ya riƙa ja da baya daga mai tari ko mai zazzaɓi, ya duba shi daga nesa, ya sallame shi da gaggawa. Dukansu tauye haƙƙi ne, kuma Allah zai yi tambaya a kansu.

Akwai kuma ɗaya gefen, wanda mazauna unguwannin masana'antu suka fi kowa sani. A masana'antun jima na Challawa da Sharada ana aiki da sinadarin kuromiyam da wasu masu cin fata da cutar da numfashi. A Bompai da kewayenta akwai ƙura da hayaƙin narka roba, ga ruwan masana'antu da ke bin rafin Getsi ya haɗu da Jakara. Za ka ga ma'aikaci yana tsoma hannu cikin sinadari babu safar hannu, yana tari wata uku bai je asibiti ba, in ka yi masa magana ya ce Allah ne mai tsarewa. Wani lokaci talauci ne ya sa shi faɗar haka, wani lokaci kuwa mai masana'antar ne bai ba shi kayan kariya ba, alhakin yana wuyan mai masana'antar. Uban yana da haɗari na gaske ya bar sababi tabbatacce, ɗan da ya aika jami'a kuwa ba shi da cuta ya rungumi sababin wahami. Gida ɗaya suke kwana, kuma darasi ɗaya suke buƙata, wanda Manzon Allah ya koya wa mutumin da ya tambaye shi game da raƙumarsa, ya umarce shi ya ɗaure ta sa'an nan ya dogara ga Allah. Uban ya bar raƙumarsa a sake. Ɗan kuwa ya ɗaure tasa, amma ya kwana yana komawa yana duba igiyar.

ABIN DA YA WAJABA A KANMU

Ga likita da ɗalibi, nasiharmu ita ce: ka cika sabubban kariya ba tare da sakaci ba. In ka ji wani abu a jikinka, ka kai shi ga likita ɗaya amintacce, ka zauna gabansa a matsayin majinyaci, ka karɓi hukuncinsa kamar yadda kake son a karɓi naka. Bayan haka in shakka ta dawo, ka yi mata hukuncin mustankihi. In ta fi ƙarfinka, har ta taɓa barcinka da karatunka da sallarka, to ka nemi likitan ƙwaƙwalwa, wannan ma neman magani ne da sunna ta zo da shi. Ka riƙe addu'o'in safiya da maraice sau adadin da aka koyar, kada su ma ka mayar da su abin maimaitawa saboda shakka. Ka ba jikinka haƙƙinsa na barci da abinci da zama cikin mutane.

Ga malaman makarantun likita, ya kamata tun ranar da ɗalibai za su fara shiga ɗakunan majinyata a gaya musu cewa wannan fargaba tana zuwa, kuma ta zo wa na gaba da su. Sanin haka kaɗai yana rage rabin nauyin. A kuma buɗe musu ƙofar da za su kai kuka a asirce ba tare da tsoron za ta shafi sakamakonsu ba.

Ga iyaye da maƙwabta, ku tuna cewa wanda kuke kira likita ɗa ne, yana da zuciya irin taku. In ya faɗi damuwarsa kada a yi masa dariya, kada kuma a yi ta rantse masa cewa lafiyarsa ƙalau, domin wannan ma ciyar da waswasin ne. A saurare shi, a raka shi wurin wanda ya san maganin. Ga 'yan'uwanmu malamai masu wa'azi kuwa, mu yi hattara da gaggawar danganta kowace damuwa ga raunin imani ko shafar aljani, mu koyi cewa "je ka ga likita" kamar yadda muke son likita ya koyi cewa "Allah ne mai warkarwa".

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti. Allah ya jiƙan ma'aikatan lafiyar da suka rasa rayukansu wajen ceton bayinsa, ya saka wa na raye da alheri, ya sanya natsuwa a zukatansu. Allah ya raba mu da sakaci da waswasi baki ɗaya, ya sa mu cika da imani. Amin.